Tulun da ke Ƙarƙashin Dutsen Makaranta

Limamin haikali bai kai ƙarshen karatunsa ba direban motar ɗaga kaya ya tada inji. Fusako ta waiwaya ta zuba masa ido. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu na Kazamori ya san wannan kallon, amma direban ɗan birni ne, sai da Ide mai aikin dutse ya buga masa ƙofar mota da tafin hannu sannan ya kashe.

"Kai wane irin mutum ne?" in ji Ide. "Ba a gama sallamar masu gida ba za ka yaye musu rufi?"

A wurinmu ba a ɗaga dutsen da aka kafa wa matattu sai liman ya roƙe su sun fita daga cikinsa tukuna. In an kai dutsen sabon mazauni, a sake kiran su su shiga. Ide gadon sana'ar ya yi, kuma ko gwamna ne ya aiko shi ba zai ɗaura wa dutse igiya ba kafin a yi wannan.

Dutsen yana bakin filin wasan makarantar firamare, tsawonsa ya yi mutum biyu. Sunayen da ke jikinsa na yara ne, 'yan shekara sha huɗu zuwa sha biyar, waɗanda aka kwasa daga ajin ƙarshe ana gab da gama babban yaƙin duniya aka tura Manchuria, can ƙetaren teku, wai su yi noma su tsare iyaka. Ko ɗaya bai dawo ba. Sunan da ke can sama da manyan haruffa na malaminsu ne, Malam Aruga, wanda ya bi gida-gida yana lallashin iyaye, sannan ya tafi da yaran da kansa. Shi ma can ya rage. A layin ƙasa, kusa da gefe, akwai Isamu Kitahara, yayan Fusako.

Makarantar kuwa tun bara aka rufe ta, da ɗaliban suka koma ba su cika ƙaramar mota ba. Kakanninmu ne suka saro itatuwan gininta a tsaunin bayan gari suka sauko da su a kafaɗa, amma yanzu wani kamfanin noman naman kaza, wato laimar kwaɗi, ya karɓi hayarta. Inda aka koya mana rubutu, nan za a riƙa kiwon ruɓaɓɓen icce. Kamfanin ya ce dutsen ya karkace tun girgizar ƙasar da aka yi, ba zai jira ya danne masa ma'aikaci ba. Sai ƙaramar hukuma ta yanke a kai shi bayan ofishinta a can gangare, inda aka riga aka jera na sauran makarantun da suka mutu.

Kowa ya zaci Fusako za ta tada jijiyar wuya. Sai ga shi ita ta fara cewa a ɗaga. Ba dutsen ne ya dame ta ba, abin da ke ƙarƙashinsa take nema.

Kafin yaran su tafi, an tara su a aji an yanke wa kowa ɗan gashi da farce, an naɗe a takarda an rubuta sunansa, don in gawa ba ta dawo ba iyaye su sami abin binnewa. Haka ake yi wa sojoji, haka aka yi wa yara. Malam Aruga ma ya yanke nasa. Fusako tana 'yar shekara takwas lokacin, ta ɗare kan tarin icce ta leƙa ta taga. Isamu mai cizon farce ne, sai da malam ya hana shi tun ana saura makonni, don a sami abin yankewa. Ta ga yana miƙa hannu yana dariya, yana nuna wa abokansa yadda farcen ya fito.

Da aka gama yaƙi, dattawan ƙauye suka ce tare suka tafi, tare za su kwanta. Suka zuba ƙullin takardun a tulu ɗaya, suka liƙe bakinsa, suka binne, suka ɗora dutse a kai. Mahaifiyar Fusako ta durƙusa ta roƙi a ba ta na ɗanta, aka ce ba a warware abin da gari ya ƙulla. Daga ranar ba ta sake taka filin makarantar ba, ko ranar da Fusako ta gama ajin ƙarshe a bakin shinge ta tsaya. A kabarin gidan Kitahara akwai sunan Isamu, babu Isamu. Da tsohuwar ta zo rasuwa ba ta yi zancen gona ba, ba ta yi zancen jikoki ba. Ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Ki ciro mini shi daga wajen mutumin nan. Ki kawo mini shi."

Yau Fusako tana da shekara tamanin da biyu. Ta zo da ɗan farin tulu naɗe a ƙyalle a cikin keken da take dogarawa, kuma ta riga ta yi magana da Ide cewa in an gama nan zai bi ta ya buɗe mata kabarin gidansu. Ta yi shirin komai. Za ta duba takardun, ta ɗauki mai sunan yayanta, ta tafi.

"Yaya Fusa, matsa baya kada igiya ta tsinke a ce mun yi biki biyu rana ɗaya."

Teruyo ce, 'yar Malam Aruga, wata 'yar ƙanƙanuwar tsohuwa da kunnenta ɗaya ya mutu, shi ya sa ko raɗa za ta yi sai an ji a bakin titi. Daga cikin ƙungiyar dangin mamatan su biyu suka rage. Duk wata sukan zo su share gindin dutsen su wanke shi. Fusako takan goge sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, in ta kai na sama sai ta ajiye tsumma. Teruyo, da gajartarta, ita ke hawa tsani ta goge na ubanta, Fusako na riƙe mata ƙafar tsanin tana kallon wani wuri. Sun yi zancen ciwon gwiwa, sun yi zancen biran da ke cinye musu kabewa, sun yi gulmar duk wanda ya wuce. Zancen Manchuria ne kawai ba su taɓa yi ba.

"Ki ji da kanki, 'yar Malam," in ji Fusako. "Ke da iska ma ta ishe ki."

Liman ya gama, ya yayyafa ruwa, ya sunkuya. Ide ya ɗaure dutsen, inji ya ɗauka. Da farko kamar ba zai motsa ba, sai ya yi wata 'yar ƙara ya rabu da gindinsa, ƙasa da busasshen gansakuka na zubowa. Fusako ta bi shi da ido. Tsoro ne ya kama ta, ba murna ba, kuma ta rasa dalili.

Miyashita, jami'in da ƙaramar hukuma ta turo, yana ta ɗaukar hoto da waya. Mutum ne mai ladabi har ya yi yawa, irin wanda zai ba ka haƙuri kafin ya san laifin da ya yi. Da aka kwantar da dutsen a bayan mota, Ide ya sa ƙarfe ya ɓanɓare shimfiɗar da ke ƙasa. Ramin bai fi tsawon hannu ba. Tulun yana ciki, baƙi, ya jingina gefe guda.

Ide ya durƙusa ya sa hannu biyu ya ɗago shi, sai ya dakata. Dukansu sun ji abin da ya ji. Ruwa ne yake kaɗawa a ciki.

"Iya," in ji shi a hankali, "ya tsage ta wuya. Da alama ya daɗe."

"Buɗe."

"Ko a bari sai an kai haikali?"

"Na ce ka buɗe, Ide. Ubanka ne ya liƙe shi, kai ka buɗe."

Aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur da aka fito da shi daga aji, ɗan teburin yara da bai kai wa Ide cinya ba. Ya kankare danƙon bakin tulun, ya tsiyaye ruwan a gindin bishiya, ya juye abin da ya rage. Babu takarda ko guda. Duk sun narke sun zama laka. Abin da ya faɗo dunƙule ɗaya ne, baƙi, kamar abin da ake cirowa daga magudanar ɗakin wanka, gashi ya sarƙe da gashi, ga ɓarɓashin farce a tsakani.

Fusako ta saki kekenta ta matso. Ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Ta kai yatsa ta taɓa gefen dunƙulen, tana neman ko da kusurwar takarda ce mai ɗigon tawada.

"Wanne ne nasa?" ta ce. Ba kowa take tambaya ba.

Miyashita ya gyara murya. "Iya, ki yi haƙuri, don Allah ki yi haƙuri. Ina ganin abin da ya fi shi ne a sa su a sabon tulu, a binne ƙarƙashin dutsen a sabon wuri. Mun nemi dangin sauran yaran, babu wanda ya amsa. Ko ba komai suna nan tare, kamar yadda magabata suka so."

"Magabatan wa? Su magabatan wane ɗa suka bayar? Nasu 'ya'yan suna nan suna cin shinkafa har suka tsufa."

"Ki yi haƙuri, Iya."

"Ka daina ba ni haƙuri, ba kai ka kashe shi ba."

Maganar ta fita da ƙarfi, kuma kunnen Teruyo mai ji ta wannan ɓangaren yake. Ta ɗago kai.

"To faɗi wanda ya kashe shi mana, Yaya Fusa. Faɗa. Na gaji da riƙe miki numfashi."

Fusako ta juyo. Abin da ta danne tun tana yarinya ya taso mata gaba ɗaya.

"Ubanki. Ubanki ne. Ya zo gidanmu, Inna ta ce a'a, ɗa ɗaya gare ta. Ya koma ya dawo. Ta ce a'a. Ya dawo da dare ya zauna a bakin murhu ya ƙi tashi, yana cewa an yanka wa makarantarsa adadi, in bai cika ba ƙauye ya ji kunya. Ya ce wa Isamu a can kowa zai sami gonar da doki ba zai zagaye ta a wuni ba. Yaro ne fa! Yaron da ko takalminsa bai iya gyarawa ba. Ina kwance ina jin su, ina jin Inna tana kuka tana hura wuta don kada a gane. Yanzu kuma ga shi nan ya naɗe shi, ko a mace bai sake shi ba."

Direban ya koma cikin motarsa. Miyashita ya mayar da wayarsa aljihu.

Teruyo ba ta ja da baya ba. Idanunta sun yi ja, amma muryar tana nan yadda take.

"Na ji. Duk gaskiya ne, uwata ma ba ta taɓa musawa ba. Amma ni shekarata huɗu da ya tafi. Ban san muryarsa ba. Abin da na sani nasa shi ne duk shagon da na shiga sai mata su yi shiru. Innarki in ta hango ni sai ta tsallaka hanya, ni da jakar makaranta a baya. Ke kin zaci kabarinmu akwai wani abu a ciki? Innarki ta samu bakin roƙo. Tawa ko roƙon ba ta isa ta yi ba, da wane ido?"

Ta zuge jakar hannunta ta fito da wani abu naɗe a ƙyalle mai ruwan toka, ta dangwarar a kan teburin. Ɗan farin tulu ne, irin na Fusako sak. Shago ɗaya ke sayar da su a gangare.

"Ni ma nawa na zo ɗauka," ta ce. "Na so in raba miki shi da yaranku, ku huta, shi ma ya huta. To ga abin da muka samu."

Fusako ta kalli tulun, ta kalli dunƙulen. Ide ya jawo mata kujerar yara ta zauna, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Daga nan tana hango tagar ajin da ta leƙa, an riga an rufe ta da baƙar leda.

Liman, wanda tun ɗazu yake naɗe carbinsa yana warwarewa, ya ce, "Raba abin mamaci ba laifi ba ne, ana yi. Kowacce za ta iya ɗibar kaɗan, sauran ya bi dutsen. Sai dai ba zan ce muku ga wanda ke cikin abin da kuka ɗiba ba."

"Wato in na ɗiba, zan iya kai wa Inna shi har cikin kabari."

"Zai yiwu."

"Kuma zai yiwu in ɗiba babu Isamu a ciki."

Liman ya sunkuyar da kai.

Ta zauna tana jujjuya abin. In ta bar shi, yayanta zai tafi bayan ofishin ƙaramar hukuma, kusa da inda ake ajiye motoci, har abada yana manne da malaminsa, kuma bayan ita babu wanda zai ko san akwai tulu a wurin. In ta ɗiba, za ta shigar da mutumin da uwarta ta tsana fiye da kowa ɗakin da take kwance. Uwar ta ce a ciro shi, ta kuma ce a kawo shi. Ba ta faɗi wanda za a yi ba in ɗaya ne kaɗai zai yiwu. Fusako ta ji haushin tsohuwar ya kama ta, karo na farko tun rasuwarta, sai kuma ta ji kunyar haushin.

"Ide," ta ce, "ka zo da tsinkaye?"

Ya zo da su, ita ta ce ya taho da su. Dogayen tsinkaye ne na gora, irin waɗanda dangi ke tsince ƙashi da su bayan an ƙona gawa, mutum biyu su kama ƙashi ɗaya tare su sa a tulu. Nan kaɗai ake yarda tsinken mutum biyu su haɗu a kan abu ɗaya, shi ya sa in yara suka yi haka a kan abinci ake buge musu hannu. Fusako ta yi wa uwarta, ta yi wa mijinta. Isamu ne ba a yi wa ba.

Ta karɓi guda biyu. Ta miƙa wa Teruyo biyu ba tare da ta dube ta ba.

"Ba don na yafe ba ne. Mutum ɗaya ba ya yi, shi ke nan."

"Wa ya roƙe ki yafiya?" in ji Teruyo. "Kama ta can, hannunki na rawa."

Dunƙulen ya ƙi rabuwa. Suka ja, ya biyo su gaba ɗaya, suka sauke. Suka sake kamawa ta gefe, a hankali, har wani yanki kamar girman kan yatsa ya saki. Suka ɗaga shi tare, suka sa a tulun Fusako. Suka sake yi, suka sa a na Teruyo. Miyashita ya buɗe baki kamar zai ce wani abu game da izini, Ide ya dafa masa kafaɗa, ya rufe.

Teruyo ta naɗe tulunta ta rungume. "Yanzu wataƙila Isamu ne zan kai gidanmu."

"In shi ne, ki riƙa ajiye masa curin shinkafa mai wake. Ba ya son mai riɗi."

Da la'asar sakaliya Ide ya ɗauki Fusako a ƙaramar motarsa zuwa maƙabartar da ke bayan gonakin Kitahara. Hanyar ba ta kai har sama ba, sai da ya riƙe mata hannu suka hau matakalar. Ta zuba wa kabarin ruwa, ta kunna turare. Ide ya sa ƙarfe ya zame marfin dutsen da ke gaba, sanyin ramin ya bugo su. Tuluna suna jere a ciki, na kakanni a can ƙurya, na ubanta, na mijinta. Na uwarta yana gaba, kuma a gefensa akwai wurin da tsohuwar ta sa a bari tun tana raye.

Fusako ta durƙusa da ƙyar, tulun a hannunta. Ta daɗe a haka. Ide ya juya baya yana duban gonaki, ya san ba a gaggauta wa mutum a nan. Sau ɗaya ta miƙa hannu ta janye.

"Inna," ta ce, muryarta ta koma ta yarinya. "Ga Isamu na kawo. Ina jin shi ne. Ban iya raba shi da kowa ba, wallahi na duba. Abokansa suna nan tare da shi." Ta dubi tulun da ke hannunta. "Malaminsu ma yana nan. Kin ƙare rayuwarki kina zagin sa a bayan idonsa. To ga shi na kawo miki shi har ɗaki, ki faɗa masa da bakinki."

Ta ajiye tulun a gefen na uwarta, ta ɗan matsar da shi har suka taɓa juna. Ta kama hannun Ide ta miƙe, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba.

"In rufe, Iya?"

"Rufe, Ide. In akwai faɗa, na kusa zuwa in karɓi nawa."